Keken Tessa

"Riƙe tsanin da kyau, Ofelia. Ba hira na kira ki ba."

"Na ce ka sauko in hau. Mutumin da aka sallamo daga asibiti jiya-jiya, ga robar iska a hanci, me ya haɗa shi da tsani?"

Ko kallona bai yi ba. Haka Lonnie Tackett yake, kuma na san halinsa sarai, don shingen katako ɗaya ne ya raba gidana da nasa a nan garin Riverside tun mijina yana da rai. Ya miƙa hannu cikin rufin garejinsa, inda kekuna suke rataye a jere, ya kamo wani ɗan ƙarami shuɗi da ke can ƙurya, lulluɓe da tsohon zanen gado. Ya cire shi daga ƙugiya. Keken nan bai fi nauyin jariri ba, amma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda yana ɗaga ƙarafa ya kasa sauko da shi. Na saki tsanin na karɓa, na maƙala shi a jikin ƙarfen da yake ɗaure keke in zai yi aiki. Shi kuma ya lallaɓo ya zauna a kan matakalar ƙasa yana jan numfashi.

"Me likitan ya ce?"

"Ya ce in zo gida in huta."

"Lonnie."

"Ya bazu, Ofelia. Daga huhu ya shiga ƙashi. Za su riƙa turo nas." Ya goge baki da bayan hannu. "Na kira Shawna. Ta ce in an yi hutun makaranta za su zo ita da Tessa. Dole keken nan ya kammala kafin su iso. So nake in zauna a bakin garejin nan in ga yarinyar ta hau shi, ko daga nan zuwa akwatin wasiƙa ne."

Shawna ita ce 'yarsa tilo, tana can jihar Idaho da mijinta. Tessa kuma jikarsa ce, kuma keken nata ne, ko da yake ba ta taɓa sa shi a ido ba.

Lonnie yana yaro ya yi tseren BMX, irin ƙananan kekunan nan da yara ke tsalle da su a kan tudun ƙasa. Filayen da suka yi tseren duk sun zama ɗakunan ajiyar kaya yanzu, amma shi bai taɓa barin wajen ba a ransa. Da matarsa ta tafi, sai ya mayar da garejin gidan kekuna. Kowace Lahadi tun da sassafe yana kasuwar 'yan gwanjo yana tonon kwalaye. Ya sayo tsatsa, ya kwance ta ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa, ya goge, ya kai fenti, ya haɗa, har keken ya koma yadda ya fito daga shago shekara arba'in da suka wuce. Kuma suna da wata doka, shi da ire-irensa, da ni dai har yau ban ga hikimarta ba: in keke na shekarar tamanin da ɗaya ne, to komai na jikinsa sai na tamanin da ɗaya, daga sirdi har noti. Sabon ƙira da aka kwaikwayi tsoho, a wajensu abin kunya ne.

Tessa tana da shekara biyar ya samo gangar jikin wannan keken, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Kakanki zai haɗa miki keken da babu irinsa a garin nan." Yarinya ta yi ta tsalle. Ranar haihuwarta ta zo, ya ce saura birki. Wata ta zo, ya ce saura sarƙa. Da Shawna ta gaji, ta shiga babban kanti ta saya wa 'yarta wani mai ruwan hoda da kwando a gaba. Ina tsaye ina ba furannina ruwa ranar da suka zo da shi. Lonnie ya zagaya keken sau ɗaya ya ce, "Wannan ai kwandon shara ne aka sa wa taya." A gaban yarinyar ya faɗa. Shawna ta kwashi 'yarta da kekenta ta zuba a mota. Ba da daɗewa ba suka koma Idaho, zumunci ya koma na waya, wayar ma sai Kirsimeti.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haɗa keken. Na zagaya shi ina dubawa, ni dai ban ga abin da ya rage ba.

"Fedar hagu," in ji shi.

Na sunkuya. Da gaske, ta dama tana nan, shuɗiya, tana walƙiya. Hagu kuwa rami ne kawai.

"Feda? Don feda ɗaya ka hana yarinya kekenta? Tashi mu je shagon kekuna na titin Magnolia yanzun nan, ni zan saya."

"Ba a yin irinta tun kafin a haifi Shawna. Kamfanin ma ya mutu."

"To a sa wata mana! Ƙafa ce za ta taka, ba ido ba."

Ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya yi tusa a coci. Na haɗiye sauran maganata, na tambaye shi abin da ya fi damuna.

"Shekarun Tessa nawa yanzu, Lonnie?"

"Ƙaramin jiki gare ta. Uwarta ta biyo."

"Ba jikinta na tambaye ka ba."

"Zai yi mata," ya ce, ya juya ya ɗauki tsumma ya fara goge sirdin da ba shi da ko ƙura.

Daga ranar na zama mai kai romon kaza da mai amsa wa nas waya. An kawo gadon asibiti an kafa a falo, kusa da tagar da ke kallon titi. Da farko yakan lallaɓa zuwa gareji yana jan tukunyar iskarsa a baya. Daga baya sai dai ya kwanta da waya a ƙirji yana bin dandalin intanet na masu tara tsofaffin kekuna irinsa, yana tambayar mutanen Ohio da Ostareliya ko wani ya ga fedar hagu shuɗiya. Wani ya ce yana da ja. Wani ya ce yana da shuɗiya amma ta dama. Romon yana hucewa a gefensa, in ɗumama, ya sake hucewa.

Gil Okamura yakan zo kullum da rana. Tare suka yi tsere suna yara, tare suka tsufa a kasuwar gwanjo, kuma ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba.

"Kunkuru, har yanzu kana nan? Na zo ne in zaɓi kekunan da zan gada."

"Ka gaji uwaka. Kai da ko kwanar farko ba ka taɓa wucewa a tsaye ba."

"Wa ya ture ni? Faɗa wa Ofelia wa ya ture ni!"

"Iska ce."

Sai su yi dariya har tari ya sarƙe Lonnie, Gil ya tashi ya tsaya a taga yana kallon motarsa kamar wani zai sace ta.

Wata rana na bi Gil har bakin mota na tare shi. Na ce masa nas ta ce abin yana sauri, hutun makaranta kuma da saura. Na ce in yana da wata dabara ya yi ta yanzu, in kuma ba shi da ita ya daina zuwa yana tayar wa mara lafiya tari. Na faɗa da zafi, don haushin duniya nake ji kuma shi ne a kusa. Gil ya shiga mota ya tafi.

Washegari sai ga shi da wani abu a naɗe cikin safa. Ya ajiye a kan bargon Lonnie, ya koma gefe ya zuba hannu a aljihu. Feda ce, ta hagu, shuɗiya. Daga baya na ji cewa daga jikin keken da ya fi so ya kwance ta, wanda ya ci masa kofi a baje koli, wanda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba.

Lonnie ya juya ta a tafin hannu. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina, to Allah mun gode. Sai ya ce in miƙo masa madubin ƙara girma daga kan tebur. Ya kai fedar kusa da taga, ya daɗe yana duban wata 'yar lamba da aka buga a jikin ƙarfen.

"Tamanin da biyu ce."

"Shekara ɗaya ce tsakani, mutumina," in ji Gil. "Ƙira ɗaya, fenti ɗaya. Babu wanda zai sani."

"Ni na sani. Kai ma ka sani."

Abin da ya fi ƙona mini rai, Gil bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai kamar shi ne ya yi laifi. Ni kuwa na kasa riƙe bakina.

"Ku biyun nan ba ku da hankali! Wallahi ba ku da shi! Mutum yana kwance, numfashi ma sai an ara masa, yana zaɓen shekarar feda. Yarinyar nan ta jira ka tun ba ta iya ɗaure takalmi ba, Lonnie. Me ta yi maka?"

"Na ce mata babu irinsa," ya ce a hankali. "In na sa wannan, akwai irinsa."

Na ɗauki tukunyata na fita. A kicin ɗina na zauna na yi kuka, ina jin motoci suna wucewa a babban titi. Na yi jinyar mijina, na san yadda ake juya mara lafiya da yadda ake lallashinsa ya sha magani, amma wannan ban san ta inda zan kama shi ba. Ba ni da feda, ba ni da ikon ƙara masa kwana, kuma ba ni da bakin da zai ji.

Kwana biyu ban yi masa magana ba sai ta abinci. Ciwon kuma bai jira mu shirya ba. Nas ta ƙara maganin rage zafi, ya fara yin barci fiye da farkawa. Wani lokaci ya kira ni da sunan matarsa, wani lokaci ya tambaye ni ko an buɗe ƙofar tsere. Nas ɗin ta ja ni baranda ta ce in akwai wanda ya kamata ya zo, kada ya jira hutu. Na kira Shawna. Ta ce za su kamo hanya da mota.

Da safe ina shafa masa man leɓe ya buɗe ido, kuma na ga shi ne da kansa, ba maganin ba.

"Ofelia. Fedar Gil tana ina?"

"Tana kan talabijin inda ka bar ta."

"Ki ce ya saka." Ya huta. "Ki ce ya sa giris, ya ɗaure komai da sifana. Da gaske, ba na kallo ba. Ya ba tayoyin iska. Hawa za a yi."

Ban gane rabin maganar ba sai da Gil ya zo. Ashe duk kekunan nan da ke rataye, da yatsa aka murɗa notocinsu, don kada sifana ta bar tabo a fenti. Sarƙarsu a bushe take don kada mai ya ɓata ta. Ko ɗaya babu wanda za a iya hawa. Na tsaya ina riƙe masa fitila yana aiki. Duk notin da ya ɗaure sai shuɗin ya ɗan kankare, farin ƙarfe ya bayyana, Gil ya ja tsaki ya share ido da kafaɗa.

"Shekara uku ya yi yana neman wannan notin," ya ce. "Dubi abin da na yi masa."

"Ɗaure, malam. Shi ya ce."

Ya ɗaure. Ya murza feda da hannu, tayar baya ta juya da wani ɗan sauti mai daɗi. Ya matsa birki, ta tsaya cak. Keke ya kammala, mai shi kuma yana falo yana barci baki buɗe.

Sun iso washegari da la'asar. Na ji tsayuwar mota na fito. Shawna ta fara fitowa, ta yi ƙiba, ta yi furfura a gaba, ta rungume ni. Sai ɗaya ƙofar ta buɗe, wata doguwar budurwa ta miƙe, ta yi ta miƙewa. Ta fi ni tsawo, ta fi uwarta, ina jin ta fi Lonnie ma. Sanye take da rigar 'yan ƙwallon raga ta makarantarsu.

"Ina wuni, Anti Ofelia."

Na amsa. Na san tun da daɗewa ta girma, na yi lissafi, amma sani daban ne da ganin ƙafafun nan.

Shawna ta shiga wajen ubanta. Ni kuma na ja Tessa zuwa gareji, na nuna mata. Ta tsaya tana kallon keken a jikin ƙarfensa. Sirdinsa bai kai cinyarta ba.

"Ashe da gaske akwai shi," ta ce. "Mama cewa take babu wani keke."

"Akwai. Kuma so yake ya ga kin hau, daga nan zuwa akwatin wasiƙa. Abin da ya roƙa ke nan."

Ta dubi keken, ta dubi gwiwoyinta, ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. "Zan iya. In na tsaya a kan feda ban zauna ba, zan iya."

Muka shirya abin tsakaninmu. Za mu shiga da keken ya fara ganinsa a hannunta, sannan mu ɗaga kan gadon, mu yaye labule, ta fita ta hau yana kallo ta taga. Gil, wanda tun da rana yake nan, ya kwance keken daga ƙarfen ya saɓa a kafaɗa. Na ce masa ya tura mana, ai taya gare shi. Ya ce tayoyin nan tun da aka ƙera su ba su taɓa ƙasa ba, a leda Lonnie ya samo su, kuma in za su taɓa, to a gaban mai su za su fara. A bakin ƙofar falo ya miƙa wa Tessa. Ta karɓa da hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashin sirdi, ɗaya a wuya.

Shawna tana zaune a bakin gado riƙe da hannun ubanta. Ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba. Baba, ga Tessa."

Sai da ta maimaita sannan ya buɗe ido. Ya dubi 'yarsa, ya dube ni, idonsa ya wuce ta kan fuskar Tessa bai tsaya ba. Yana neman wata 'yar ƙarama ne a can ƙasa, kusa da ƙofa. Da bai gan ta ba, idon ya dawo ya sauka a kan keken. Nan ya tsaya. Fuskarsa ta saki, leɓensa ya motsa.

"Kaka, ni ce," in ji Tessa. "Na gode. Ya yi kyau sosai. Yanzu zan fita in hau, ka kalla ta taga."

Ta sunkuya za ta ajiye shi don ta juya da shi. Hannun Lonnie ya zabura daga cikin na Shawna.

"Kai, kai! Yi a hankali, baiwar Allah." Muryar ta fito da ƙarfin da na yi zaton ya ƙare. "Kada ki bari tayar ta taɓa ƙasa. Na jikata ne. Tana nan zuwa."

Tessa ta ɗago keken da sauri har ƙirjinta.

Na buɗe baki. Ni ce na ji abin da ya ce jiya da hankalinsa, ni ce shaida. Na so in ce, Lonnie, ita ce wannan, kai ka ce a ɗaure, kai ka ce hawa za a yi. Na matsa kusa na kira sunansa, na faɗa masa, na sake faɗa. Ko motsi bai yi ba, idonsa yana kan keken. Na juya wajen Gil ko zai taimaka, na tarar ya ba mu baya yana fuskantar bango. Shawna ta toshe baki da hannu.

"Bari ya ɗan farfaɗo," na ce wa Tessa ƙasa-ƙasa. "Yakan dawo hayyacinsa. Ajiye a kan kujera ki huta."

Ta girgiza kai. "Yana kallo."

Da gaske yana kallo. Numfashinsa ya fara yin nisa da juna, ya ja ɗaya, mu jira, ya ja wani. A waje wani yana yankan ciyawa, yaran maƙwabtanmu, gidan Saldaña, suna ihu a kan ruwan famfo. Rana ta sauko ta shigo ta tagar da ba mu kai ga yaye labulenta duka ba. Hannuwan yarinyar suka fara rawa, ta gyara riƙo, ta tokare gangar keken da cikinta. Hawaye yana zuba har haɓarta, ba ta da hannun sharewa.

Ya ja wani numfashin, muka jira na gaba, bai zo ba. Shawna ta kifa goshi a kan bargon. Na sa hannu zan rufe masa ido, na kasa, don har lokacin a kan keken suke.

Tessa tana tsaye a tsakiyar falo, keken a rungume, tayoyinsa kamar taƙi ɗaya daga kafet. Rawar hannunta ta sa tayar gaba tana juyawa a hankali, kuma babu wanda ya ce mata ta ajiye.